Darasi na 14: Ƙafa a Kan Feda

Garin Potiskum, wanda wasu ke kira Pataskum, yana yammacin Jihar Yobe, a kan babbar hanyar da ta taso daga Kano, ta bi ta Azare, ta nufi Damaturu da Maiduguri. An san shi da kasuwar shanu, wadda take cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma, da kuma kasuwar hatsi. Amma baƙon da ya tsaya a bakin titi da misalin ƙarfe bakwai na safe, kekuna zai fara lura da su: na 'yan makaranta maza da mata, na ma'aikata, da na 'yan kasuwa waɗanda suka ɗaure buhu a kan kariya.

Keke ba baƙo ba ne a wannan yanki. Dattawa suna tuna zamanin Raleigh, keken Ingila wanda har masana'antar harhaɗa shi aka kafa a Kano, da Phoenix na ƙasar Sin wanda ya biyo baya. Da babura suka yawaita, sai aka fara jingine kekuna a zaure. A shekarar 2012 kuwa, saboda matsalar tsaro, gwamnatin jihar ta hana hawa babur, hanin da ya ɗauki shekaru. Ala tilas aka kakkaɓe wa tsofaffin kekuna ƙura, aka sayo sababbi, masu gyara suka sami ciniki. Yara da yawa sun koyi tuƙi a wannan lokaci, galibi a kan keken uba ko na wa, wanda ya yi musu girma. An koya musu riƙe kan keke, da kama birki, da kauce wa mota. Abin da ba kasafai ake koyarwa ba shi ne inda ya kamata ƙafa ta zauna a kan feda.

Wani zai ce ai wannan ƙaramin abu ne. To, mu yi lissafi. Babban keke irin na da yana da taya mai inci 28. Idan ta juya sau ɗaya, takan ci wajen mita 2.2. A ce faifan gaba, wanda feda ke juyawa, yana da haƙora 44, na baya kuma yana da 18. Ke nan zagaye ɗaya na feda yana juya tayar baya kusan sau biyu da rabi, keke ya matsa gaba kamar mita biyar da rabi. Kilomita ɗaya tana bukatar zagaye wajen 180. Ɗalibar da gidansu yake da nisan kilomita 5 daga makaranta, zuwa da dawowa, kowace gwiwa tata za ta lanƙwashe ta miƙe sau 1,800 a rana, wato sau 9,000 daga Litinin zuwa Juma'a. Ga shi kuma ƙasar Potiskum shimfiɗaɗɗiya ce, babu gangara mai yawa inda za a saki feda a huta. Kuskuren da bai wuce faɗin yatsa biyu ba, idan aka maimaita shi sau dubu tara a mako, ya isa ya zama ciwo.

Ku cire takalmi ku dubi tafin ƙafarku. Ƙasusuwa 26 ne a cikin kowace ƙafa, amma wurare uku ne suka shafi mai keke. A baya akwai dunduniya. A tsakiya akwai kwari, wato wurin da ba ya fitowa sosai a sawu idan mutum ya taka jiƙaƙƙen rairayi. A gaba kuma, daidai gindin yatsu, akwai wani tudu mai faɗi wanda ya fi kauri a bayan babban yatsa. A wannan darasi za mu kira shi tudun tafi. Idan mutum ya yi ɗage don ya ɗauko wani abu daga saman kanta, a kan wannan tudu yake tsayawa, da shi kuma yake ture ƙasa in zai yi gudu ko tsalle.

Ita ma feda ku dube ta. A tsakiyarta akwai ƙarfe guda wanda take juyawa a kansa, a gefe da gefe kuma akwai roba, ko ƙarfe mai 'yan haƙora. Duk ƙarfin da ƙafa ta bayar, ta wannan ƙarfen tsakiya yake bi kafin ya isa ga kaca. Tsohuwar ƙa'ida, wadda masu tseren keke suka daɗe suna bi, ita ce tudun tafi ya hau daidai kan ƙarfen tsakiya. A haka idon sawu yana da damar motsi. Yana ɗan sauka, yana ɗan ɗagawa, yana taimakon cinya wajen turi, idan kuma taya ta faɗa rami, shi ke shanye girgizar kafin ta kai gwiwa.

Wanda ya wuce tudun ya ɗora yatsu kaɗai, ya jibga wa sharaɓa aikin da ba nata ba. Ita da agara, jijiyar nan mai kauri da ke bayan idon sawu, su za su yi ta riƙe dunduniya kada ta faɗi, kafin a yi nisa sun gaji. Yatsu kuma ba su da faɗin da za su kama feda, ko ƙaramin dutse aka hau sai ƙafa ta zame. Wanda ya ɗora dunduniya kuwa ya kulle idon sawu gaba ɗaya, ƙafarsa ta zama kamar taɓarya, duk wata girgiza ta wuce kai tsaye zuwa gwiwa da ƙugu. Yatsunsa sun yi gaba, suna iya karo da tayar gaba idan ya karya kwana, musamman a ƙaramin keke. Da hunturu, lokacin da faso ke tsattsaga dunduniya, shi da kansa zai gane cewa ba a yi ta don taka ƙarfe ba.

Saura mai taka feda da tsakiyar tafi, kuma shi bai kamata a yi saurin yanke masa hukunci ba. Ku lura da mutumin da ya ɗauko buhun gero daga ƙauye, ko jarkokin ruwa: sau da yawa za ku ga ya matsar da ƙafa gaba, feda ta koma bayan tudun tafi. Yana da dalili, ko da bai iya bayyana shi ba. Ku rataya bokitin ruwa a ƙarshen sanda ku ɗaga, sannan ku matso da bokitin kusa da hannu ku sake ɗagawa. Nauyin bai canja ba, amma hannu ya sami sauƙi. Haka ƙafa take. Idon sawu shi ne hannun, tafi shi ne sandar; muddin feda ta matso kusa da idon sawu, aikin sharaɓa ya ragu, manyan tsokoki na cinya da ɗuwawu su karɓi nauyin. A shekarar 2007 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka sun gwada wannan a kan 'yan tsere. Sun riƙa matsar musu da ƙafa gaba da baya a kan feda, suna auna iskar da jikinsu yake sha, ba su kuwa ga wani bambanci na a zo a gani ba. Saboda haka tsohuwar ƙa'idar ba ta ɓaci ba, sai dai ta fi yadda aka zata faɗi. Mai son gudu, ko mai tuƙi cikin gari inda ake yawan tashi da tsayawa, ya ɗora tudun tafi a kan ƙarfen tsakiya. Mai kaya, ko mai doguwar tafiya kamar daga Potiskum zuwa Fika, ya bar ƙarfen ya koma baya da faɗin yatsa ɗaya ko biyu. Daga nan kada a wuce, domin kwarin tafi wuri ne mai taushi, ba ya jure matsi na dogon lokaci.

Keken farko, wanda Karl Drais ya ƙera a Jamus a 1817, ba shi da feda sam. Da ƙafa ake ture ƙasa. A shekarun 1860 aka maƙala feda a tayar gaba a birnin Faris, a 1885 kuma John Kemp Starley ya fito da keke mai kaca a Ingila, irin wanda muke hawa yau. 'Yan tseren zamani har ɗaure ƙafa suke yi a jikin feda. Kamfanin Look na Faransa ya fitar da feda mai kama ƙasan takalmi a 1984, kuma da ita Bernard Hinault ya ci babban tseren Faransa a 1985. Su da milimita suke auna wurin zaman ƙafa, domin in an ɗaure ta a wurin da bai dace ba, babu damar gyarawa a hanya. Ɗalibin Potiskum ya fi su 'yanci a nan: fedarsa shimfiɗaɗɗiya ce, idan wuri ɗaya ya gaji sai ya ɗan gusa.

To, me ya sa mutane da yawa suke taka feda da dunduniya ko da yatsu, alhali kuwa babu daɗi? Laifin yawanci na sirdi ne. Idan sirdi ya yi ƙasa, ƙafa ba ta samun wurin miƙewa, gwiwa tana tasowa har kusa da kan keke, sai mahayi ya tura ƙafarsa gaba ya ɗora dunduniya don ya rage matsi, gwiwoyinsa kuma su buɗe waje kamar mai zaman cin tuwo. Idan sirdi ya yi sama, sai ya miƙa yatsu yana neman feda, ƙugunsa yana karkata dama da hagu. Ko sau nawa aka ce masa ya gyara ƙafa, in ba a gyara sirdi ba, bayan 'yan mintoci za ta koma inda ta saba.

Akwai hanya mai sauƙi ta auna sirdi. A jingina keke kusa da bango, a hau, a dafa bangon da hannu ɗaya. A juya feda ɗaya ta sauka can ƙasa, a ɗora dunduniya a kanta. Wannan ne kaɗai lokacin da dunduniya take da aiki a kan feda. Idan ƙafar ta miƙe sosai ba tare da ƙugu ya karkata ba, sirdi ya yi daidai. Da an mayar da tudun tafi wurinsa, za a ga gwiwa ta ɗan lanƙwashe kaɗan, kuma haka ake so. Mai son lissafi yana iya bin wata hanyar da aka sani tun 1967: ya tsaya babu takalmi, ya auna daga ƙasa zuwa matsematsi, ya ninka abin da ya samu da 1.09. Amsar ita ce tazarar da ta dace tsakanin saman sirdi da feda idan tana can ƙasa. Wanda ya sami santimita 75, alal misali, zai nemi tazarar kusan santimita 82.

Ɗalibai sukan yi ƙorafi cewa a wannan tsayi ƙafarsu ba ta kaiwa ƙasa suna zaune. Gaskiya ne, kan yatsu ne kawai zai taɓa. Maganin wannan shi ne a koyi zamowa gaba daga kan sirdi duk lokacin da za a tsaya. Sabon shiga yana iya rage tsayin kaɗan har sai ya saba, don a cunkoson bakin kasuwa tsayawa lafiya ta fi gudu muhimmanci. A kuma kula da layin da aka zana a jikin ƙarfen sirdi. Idan aka zaro shi har layin ya fito fili, yana iya karyewa ko ya fasa jikin keken. A gidan da mutum uku suke hawa keke ɗaya, kowa ya sa alamarsa da fenti a jikin ƙarfen, a ajiye sufana kusa. Amma yaron da yake zura ƙafa ta ƙarƙashin sandar tsakiya, yana tuƙi a karkace saboda bai kai sirdi ba, babu wani wurin zaman ƙafa da zai yi masa daidai. Wasa ne na ƙofar gida, kada a aike shi da shi kan babban titi inda manyan motoci suke wucewa.

Takalmi ma yana da nasa. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke kai wa digiri 40, kowa silifa yake so. Sai dai silifa tana da taushi, tana naɗewa a kan feda, ba ta kuma da abin riƙe dunduniya, don haka yatsu ne suke ƙanƙame ta. In ta jiƙe da gumi ko ruwan damina, santsi ya zo. Kambas, ko sandal mai maɗauri a baya da ƙasa mai ɗan tauri, ya fi, domin yana baza matsin a faɗin tafi. A cusa igiyar takalmi ciki, a naɗe ƙafar wando ta dama, wadda take gefen kaca, mai hijabi ko doguwar riga kuma ta tattara gefen tufarta kafin ta hau.

Mafi muni shi ne abin da ake gani kullum a titi har ido ya saba da shi: fedar da robarta ta zube, sai ƙarfen tsakiya tsirara. Nauyin da ya kamata ya bazu a wuri mai faɗin tafin hannu ya taru a kan siririn ƙarfe. Jijiyoyin da ke tsakanin ƙasusuwan tafi suna matsuwa, yatsu su yi zafi ko su mutu na ɗan lokaci. Ƙafa kuma ba ta da abin kamawa, ranar da ta zame ana tsaka da turi, ƙarfen ya daki ƙwauri, mahayi ya faɗa kan sandar tsakiya, keke ya karkace a gaban duk abin da ke tahowa. Haka nan idan keke ya faɗi ƙarfen ya ɗan tanƙware, za a ji feda tana rawa a ƙarƙashin ƙafa, kuma gwiwa ce take biyan bashin wannan rawa. Irin wannan feda canja ta ake yi. Mai son canjawa da kansa ya sani cewa ta dama da ta hagu ba ɗaya ba ne. Ta dama tana ɗauruwa idan an murɗa ta yadda hannun agogo yake tafiya, ta hagu kuwa akasin haka. An yi haka ne don kada ta kwance da kanta ana cikin tafiya, kuma wanda bai sani ba ya matsa da ƙarfi, sai ya lalata haƙoran.

Da yake an ambaci agogo, ku ɗauki zagayen feda a matsayin fuskar agogo, kuna kallon keke daga dama. Ƙafa tana ba da ƙarfinta ne daga ƙarfe ɗaya zuwa ƙarfe biyar, mafi yawansa a wajen ƙarfe uku. Shi ya sa gwani, kafin ya tashi, yakan ɗago feda da saman ƙafa ya kawo ta ƙarfe biyu, ya ɗora tudun tafi, ya taka sau ɗaya, keke ya ɗauke shi. A kwana, fedar gefen da aka karkata ita ce a sama, in ba haka ba sai ta kartar ƙasa. A cikin rairayin lungu kuwa, kada a tsaya da turi, kada kuma a daka da ƙarfi. A yi ta juyawa a hankali, nauyin jiki yana baya.

Yatsu su dubi gaba, gwiwa ta sauka a saitin ƙafa, kada ta faɗa ciki ko ta buɗe waje. Wanda halittarsa ce yatsunsa su ɗan dubi waje in yana tafiya, kada ya tilasta musu miƙewa a kan feda. Jiki kuma yakan faɗi inda matsala take. Ciwo a gaban gwiwa sau da yawa alama ce ta sirdi ya yi ƙasa, ciwo a bayan gwiwa ko a agara kuma alama ce ta ya yi sama. A gyara kaɗan kaɗan, kamar rabin santimita a lokaci guda, a hau kwana biyu ko uku a gani. Idan an gyara ciwon bai tafi ba, ko gwiwa ta kumbura, sai a ajiye keke a je asibiti.

Ma'anar Kalmomi

feda: abin da ake takawa keke ya tafi
sirdi: wurin zaman mai keke ko mai doki
kariya: wurin ɗaura kaya a bayan keke
dunduniya: bayan tafin ƙafa, ana kuma cewa diddige
sharaɓa: tsokar da ke bayan ƙwauri
ɗage: tsayuwa a kan gaban ƙafa don a ƙara tsawo
faso: tsagewar fatar dunduniya saboda sanyi da bushewa
matsematsi: inda cinyoyi biyu suka haɗu
ala tilas: ba da son rai ba
na a zo a gani: mai yawa ko girman da ya isa a kula da shi

Lura da Harshe

Hausa tana aron sunayen sassan jiki ta ba wasu abubuwa. A cikin darasin mun ga kan keke, da bakin titi, da haƙoran faifai, da hannun agogo, da gindin yatsu. Har jiki kansa yana aro daga jiki, kamar idon sawu. Ku nemo wasu guda uku a cikin darasin, ku ƙara biyar naku, sannan ku duba ko harshenku na gida yana yin haka.

Tambayoyi

1. Me ya sa mutanen Potiskum da yawa suka koma hawa keke daga 2012?
2. Yaron da yake tafiyar kilomita 6 a rana, sau nawa zai juya feda a kwana biyar?
3. Bayyana misalin bokiti da sanda da kalmominka. Me ya nuna game da mai ɗaukar kaya?
4. Wane lokaci ne ya dace a ɗora dunduniya a kan feda?
5. "Gwiwa ce take biyan bashin wannan rawa." Mece ce ma'anar wannan jimla?
6. Wani abokinka ya ce shi silifa ta ishe shi. Rubuta jimloli huɗu na shawara gare shi, biyu su fara da "kada".

Aikin Yi

Ku kasu biyu biyu. Kowa ya auna tsawon ƙafarsa, ya lissafa tsayin sirdin da ya dace da shi. Lokacin tara, ku je inda ake ajiye kekuna a makarantarku, ku ƙirga nawa ne fedarsu take da roba, nawa ne ƙarfe tsirara. Ku rubuta abin da kuka gani cikin sakin layi ɗaya, ku karanta wa aji.